Mumbari a Tafin Hannu: Majami'u da Kafofin Sada Zumunta

Duk wanda wata hidima ta taɓa kai shi majami'a a 'yan shekarun nan, ko ɗaurin auren abokin aiki ne ko godiyar haihuwa ta maƙwabci, a Kaduna ne ko a Jos ko a Yola, in dai ya yi kyakkyawar lura, zai ga wani saurayi can gefe guda, wanda ba ya cikin mawaƙa, ba ya cikin dattawa, ba kuwa shi ne mai zagawa da kwanon baiko ba, ya kafa wayarsa bisa wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya saita idonta daidai inda fasto yake tsaye, yana ta leƙa ta kamar mai tsaron tukunyar da ake gudun kada ta yi bori. Shekaru ashirin da suka shige babu wannan muƙami a tsarin ikilisiya, amma yau da wuya ka sami majami'ar birni wadda ba ta da irin waɗannan samari, har sun yi suna, ana ce da su 'yan midiya. Aikinsu shi ne su ɗauki abin da ake faɗa cikin ɗakin su watsa shi a Facebook ko YouTube a daidai sa'ar da ake faɗarsa, ta yadda mai wa'azi zai ga mutum ɗari biyu zaune a gabansa, alhali kuwa akwai wasu a bayan ɗan gilashin nan waɗanda bai san adadinsu ba, bai san garinsu ba, bai ma san addininsu ba.

Tsohuwar ɗabi'a cikin sabuwar riga

Wanda bai san asalin al'amarin ba zai iya zaton wani yayi ne ya ɗebi Kiristoci, amma haƙiƙa ɗabi'a ce daɗaɗɗiya. A ƙarshen Linjilar Matiyu an ruwaito cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, alaihis salam, ya umarci almajiransa su bazu cikin dukkan al'ummai su karantar da su, saboda haka Kirista yana ɗaukar isar da bishara a matsayin wajibi da ya rataya a wuyansa, kwatankwacin yadda Musulmi yake ɗaukar da'awa. Tun daga nan, duk hanyar da ɗan Adam ya ƙago don maganarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta kai ba, sai ka tarar masu bishara suna sahun farko na masu binta. Bulus Manzo ya riƙa aika wasiƙu zuwa jama'o'in Koranti da Afisa da Roma, a karanta su a bainar jama'a, a kwafa a miƙa gaba, har wasiƙun suka zama wani kashi na littafin da Kiristoci suke karantawa a yau. Da Gutenberg ya harhaɗa injin ɗab'i a Jamus, babban littafin da ya fitar wajen shekarar 1455 shi ne Littafi Mai Tsarki, kuma da wannan inji ne maganganun Martin Luther suka game ƙasar Jamus bayan 1517, har ikilisiyar Turai ta dare biyu. A ranar 12 ga Fabrairu, 1931, Fafaroma Pius na Goma Sha Ɗaya ya buɗe gidan rediyon Batikan, wanda Marconi da kansa, gwanin fasahar rediyo, ya kafa masa.

Mu ma nan ƙasarmu mun ga irin wannan jerangiya. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön, da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ya soma mayar da sassan Linjila cikin Hausa. Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905 kafin mishan ta koma Wusasa, shi da abokan aikinsa suka kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Daga takarda aka koma iska: gidan rediyon ELWA, wanda mishan ta SIM ta buɗe a Laberiya a 1954, yana da shirye-shiryen Hausa, haka kuma ɗakin shirye-shirye na Muryar Bishara da ke Jos ya riƙa aika nasa zuwa tashar da Lutarawa suka kafa a Adis Ababa a 1963, har zuwa 1977 lokacin da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta. Bayan rediyo sai kaset, bayan kaset sai majigin tarihin Yesu da ake haskawa a jikin farin ƙyalle a filin ƙauye da dare.

Sai dai dukkan waɗannan hanyoyi sun yi tarayya cikin siffofi biyu. Ta farko, kowace tana da mai gadi a ƙofarta, domin ba kowa ke da injin ɗab'i ko tashar rediyo ba, kuma kafin magana ta fita sai wani kwamiti na malaman ikilisiya ya tace ta. Ta biyu, magana ce mai tafiya fuska guda, daga mai faɗi zuwa mai ji, in kuwa mai ji yana da tambaya, sai ya rubuta wasiƙa ya manna kan sarki, ya zauna jiran amsa wata guda ko biyu.

Ƙofar da ba ta da mai gadi

Waɗannan siffofi biyu su ne wayar hannu ta rushe. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, Facebook ya bayyana a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, a 2016 kuma Facebook ya sanya Hausa cikin harsunan da ake sarrafa shi da su, kuma a shekarar ce ya buɗe wa kowa damar watsa bidiyo kai tsaye. Daga wannan lokaci, abin da a dā sai ƙungiyar mishan mai kuɗin Turai da Amurka za ta iya yi, yanzu mai bishara na ƙauye wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba yana iya yinsa, matuƙar yana da caji a waya da 'yar datar da zai saya. Mai sauraro kuma ya sami baki: yana rubuta amin a ƙarƙashin wa'azi, yana aiko da roƙon a yi wa mahaifiyarsa addu'a, yana musu, wani lokaci ma yana zagi, duk a gaban idon jama'a.

Manyan ikilisiyoyi ba su yi sanya ba wajen shiga wannan kasuwa. Fadar Batikan ta buɗe tasharta a YouTube a 2009, a ranar 12 ga Disamba, 2012 kuma Fafaroma Benedict na Goma Sha Shida, dattijo mai shekara 85 wanda aka sani da zurfin ilimin tauhidi, ya aika saƙonsa na farko a Twitter, shafin da ake rubuta shi cikin harsuna tara, har da Larabci da Latin. Magajinsa Fafaroma Francis ya shiga Instagram a watan Maris na 2016. A watan Yuli na 2025 fadar ta tara masu wa'azin Katolika na intanet daga ƙasashe da dama a birnin Roma don wani taro nasu na musamman, a watan Satumba na shekarar kuma aka sanya Carlo Acutis cikin waliyyan ɗarikar, wani yaro ɗan Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda aka san shi da tsara shafin intanet inda ya tattara labaran karamomin da Katolika suka yi imani da su.

A ɓangaren Furotesta kuwa, wata majami'a da ke jihar Oklahoma ta Amurka ta fitar da manhajar YouVersion a 2008, wadda ta ƙunshi fassarorin Littafi Mai Tsarki cikin harsuna masu ɗimbin yawa, da Hausa a ciki, kuma kafin ƙarshen 2021 an sauke ta a wayoyi sau fiye da miliyan 500. Hikimar masu ita ba ta tsaya ga ajiye littafin a waya ba, sun kuma shirya yadda kowace safiya za a fitar da aya guda a jikin hoto mai ƙayatarwa, don mai karatu ya ɗora ta a shafinsa abokansa su gani, ta haka kowane mai bi ya zama ɗan aike ba tare da an naɗa shi ba.

Shekarar da aka kulle ƙofofi

Duk da haka, jama'a da yawa sun ci gaba da kallon wannan harka a matsayin wasan yara, har annobar korona ta auko a 2020 ta mayar da mustahabbi ya zama larura. A yammacin 27 ga Maris na shekarar, duniya ta kalli Fafaroma Francis yana addu'a cikin ruwan sama a dandalin Waliyyi Bitrus, filin da ya saba cika maƙil da dubban mutane, ga shi wayam babu kowa, sai idon kyamara. Ranar Ista kuma shugaban ɗarikar Angilika na lokacin, Justin Welby, ya yi huɗubarsa daga ɗakin girkin gidansa a London. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, jihohi irin su Kaduna suka yi nasu kullen, aka rufe masallatai da majami'u baki ɗaya, sai ga fastocin da jiya suke tsawata wa matasa kan latsa waya a lokacin sujada, yau suna roƙon matasan nan su koya musu yadda ake tsayawa gaban wayar.

Wasu kam tun kafin annobar sun riga sun gano bakin zaren. A watan Yuni na 2017 mawaƙin bishara Nathaniel Bassey ya kira jama'a su riƙa haɗuwa da shi a Instagram da ƙarfe goma sha biyun dare, su yi sa'a guda suna yabo da addu'a har tsawon wata guda, sai ga dubun-dubatar mutane daga ciki da wajen ƙasa suna raya dare tare, kowa a ɗakinsa. A cikin kullen 2020 kuma Fasto Jerry Eze ya soma zaman addu'ar safe da ake kira NSPPD, wanda ake watsawa da ƙarfe bakwai a ranakun aiki, har ya zama ɗaya daga cikin tarukan addini mafi yawan masu kallo kai tsaye a YouTube. Wanda ya duba tsokacin da ke kwarara a ƙarƙashin irin wannan zama zai ga abin da ke damun talakan zamani a fili: mai neman aiki, da mai neman haihuwa, da mai jinyar uba, da ma'aikaciyar jinya a Ingila wadda ta tashi daga aikin dare tana kewar gida.

A nan ne kuma wata mas'ala ta taso wadda ta raba kan malamansu, irin saɓanin da malaman fiƙihu suka saba yi a kan sabon abu. Kiristoci suna da ibadar da suke kira Jibin Ubangiji, inda ake gutsura gurasa a sha daga ƙoƙo don tunawa da jibin ƙarshe da Almasihu ya ci da almajiransa. To, shin ya halatta fasto ya sa albarka daga cikin waya, kowa ya ɗauko burodinsa a gida ya ci? Majami'un Fentikos da yawa sun ce ya halatta, tun da Allah ba ya da shamaki da nisa. Katolika kuwa suka tsaya a kan matsayin da wata majalisar Batikan ta bayyana tun 2002, cewa irin waɗannan ibadu ba sa ƙulluwa ta intanet: marar lafiya yana iya kallon ibadar Mas a waya ya sami natsuwa, amma kallon bai tsaya a madadin halarta ba, haka nan ba a furta zunubi ga fada, wato limaminsu, ta saƙon waya. Musulmin da ya taɓa jin fatawar malamai a kan bin limami salla ta rediyo zai fahimci wannan muhawara ba tare da an yi masa dogon sharhi ba.

Majami'ar ƙauye da saƙon murya

Waɗancan duka labarin manya ne, masu kyamarori da injin wuta da ma'aikata. A Arewa, inda mafi yawan majami'un ECWA da COCIN da EYN da HEKAN suke yin sujada da Hausa, inda data take da tsada, sabis kuma yake zuwa yana ɗaukewa, babban makami shi ne WhatsApp, musamman saƙon murya, domin tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya danna shi ta ji, ta kuma mayar da amsa. Kusan kowane rukuni na ikilisiya yana da zaurensa: Zumuntar Mata da nasu, matasa da nasu, mawaƙa da nasu, dattawa da nasu. Da asuba fasto ko mai bishara zai aiko da gajeren karatu da addu'a na minti uku. Da hantsi sakatare zai sanar da rasuwa, ko haihuwa, ko ranar aikin gayya a gonar ikilisiya. Shugaban mawaƙa zai rera sabuwar waƙa ya tura, kowa ya haddace muryarsa kafin ranar gwaji. In wani ya kwanta asibiti, a nan za a kafa asusun gudummawa, a riƙa jera sunayen waɗanda suka bayar, baikon Lahadi ma da yawa sun koma biyansa ta taransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023.

Fa'idar wannan ta fi bayyana ga jama'ar da fitina ta tarwatsa. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wato EYN, wadda aka dasa a Garkida a 1923, tana cikin waɗanda rikicin Boko Haram ya fi yi wa ɓarna, har a watan Oktoba na 2014 aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi zaman wucin gadi a Jos. Mutanen ƙauye guda suka watsu, wasu a Yola, wasu a Abuja, wasu a sansanin gudun hijira a Kamaru, kuma ga irin waɗannan mutane, zauren waya da ke ɗauke da sunan tsohuwar majami'arsu yakan zama shi ne kaɗai wurin da ƙauyen yake nan a haɗe.

Waƙa kuwa ita ce ta fi kowane wa'azi ƙafa. Waƙoƙin Hausa na Panam Percy Paul da Solomon Lange da Jeremiah Gyang sun bi YouTube sun shiga majami'un Legas da Fatakwal da London, har ka ji Bayarabe ko ɗan ƙabilar Ibo yana rera godiya ga Allah da Hausa, alhali ko cinikin tumatir ba zai iya yi da harshen ba. Ga wanda ba ya karatu kuma, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka da murya, ana tura shi daga waya zuwa waya ko a zuba shi a ɗan katin ajiya.

Illolin kasuwa

Amma fa kowace kasuwa tana da ɓarayinta, kuma malaman Kirista masu hangen nesa su ne kan gaba wajen faɗar illolin wannan. Ta farko ita ce riya. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali ribarsu tana ga tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo, saboda haka suka gina injunansu a kan ɗaukaka abin da ya fi jan ido, kuma sanannen abu ne cewa karatu mai natsuwa a kan haƙuri da gaskiya ba ya jan ido kamar bidiyon wanda aka ce gurgu ne ya yar da sanda, ko annabcin wanda zai ci zaɓe, ko habaicin wani fasto ga wani fasto. Mai wa'azin da ya soma auna kansa da yawan mabiya, sannu a hankali zai tarar yana faɗin abin da injin yake so, ikhlasi kuwa ya yi ƙaura. Ta biyu ita ce damfara, domin 'yan zamba suna buɗe shafuka da sunaye da hotunan manyan fastoci, su nemi bayin Allah su aiko da kuɗin addu'a ko sadakar marayu, har ya zama majami'u suna yawan fitar da sanarwar barranta daga irin waɗannan shafuka.

Illa ta uku ita ce duk wanda ya gina mumbarinsa a dandalin wani, to ɗan haya ne, kuma mai gida yana iya tashinsa ran da ya ga dama. A watan Afrilu na 2021 YouTube ya rufe tashar Emmanuel TV ta marigayi T. B. Joshua, mai mabiya fiye da miliyan guda, bisa hujjar ta saɓa wa ƙa'idojinsa. A watan Yuni na shekarar gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ta kai har Janairun 2022, ko da yake Fasto Enoch Adeboye ya fito fili ya ce shi zai ci gaba da rubutu a can, tun da majami'arsa tana da mabiya a ƙasashe masu yawa. Majami'ar Christ Embassy kuwa ta gina tata manhajar mai suna KingsChat, sai dai wanda ya koma gidan kansa ya tsira daga mai gida, amma ya yi nisa da kasuwar da ya fito nema.

Ta huɗu ta fi sauran ɓoyuwa, ita ce kuma ƙananan fastoci suka fi kuka da ita. Mai bi yana kwana yana tashi da wa'azin wani shahararre da ke Abuja ko Amurka, can yake aika zakkarsa, da ma'aunin can yake auna faston unguwarsu ya ga bai iya ba, amma ran da ɗansa ya kwana da zazzaɓi, ko ran da aka yi masa rasuwa, wannan faston unguwar da aka raina shi ne zai hau babur cikin dare ya zo.

Bango ya faɗi

Akwai wani al'amari kuma wanda ya shafe mu duka, Musulmi da Kirista, musamman a Arewa inda harshe guda muke ji, kasuwa guda muke ci, waya iri guda muke riƙewa. A dā abin da aka faɗa cikin majami'a yana tsayawa cikin bangonta, kamar yadda abin da aka faɗa a zauren tafsiri yake tsayawa a zauren, amma yanzu bangon ya faɗi, kowa yana jiyo kowa. Alherin da ke cikin haka ba kaɗan ba ne, domin Musulmi da yawa da ba su taɓa taka ƙofar coci ba sun ji da kunnensu cewa maƙwabtansu suna roƙon Allah ruwan sama da zaman lafiya da shiriyar 'ya'ya, da kalmomin Hausa irin nasu, haka su ma Kiristoci sun ji tafsirin Ramadan daga bakin masu shi. Hotunan Musulmin da suke zuwa taya Fasto Yohanna Buru murnar Kirsimeti a Kaduna kowace shekara suna zagaya wayoyi, suna karantar da abin da dogon wa'azi bai karantar ba.

Sharrin da ke ciki shi ma ba kaɗan ba ne. Maganar da mai wa'azi ya yi cikin zafin rai a gaban mutanensa, in aka yanke minti guda daga cikinta aka raba ta da abin da ya gabace ta, tana iya tayar da gari, kuma akwai masu wa'azi a ɓangarorin biyu da suka mayar da muƙabala da gugar zana abincinsu, saboda sun ga ita ke tara jama'a. Abin da ya faru a Filato a watan Yuni na 2018 ya isa wa'azi ga mai hankali: lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi, wasu hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook, daga baya binciken BBC ya nuna cewa wasunsu tsofaffi ne, wani ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi, 'yan sanda kuma suka ce sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya a kan matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. A cikin wannan tarzoma ɗin dai Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, kuma ta waɗannan kafofi ne labarinsa ya game duniya har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Hanya guda ce ta ɗauki ƙaryar, ta kuma ɗauki labarin limamin.

Saboda haka ne ikilisiyoyi suka soma rubuta ladubban shiga dandali. Cocin Ingila ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019, tana neman mabiyanta su riƙe gaskiya da kirki a rubutunsu, su tuna cewa abin da aka ɗora ba ya gogewa. Fadar Batikan ta fitar da tata nasihar a 2023, ta gina ta a kan misalin Basamariyen nan na cikin Linjila wanda ya tsaya ya taimaki baƙon da aka yi wa rauni a hanya bayan wasu sun ratse sun wuce. Ma'anar dai ita ce mutum ya ɗauki wanda ke bayan gilashi a matsayin maƙwabci mai haƙƙi a kansa. Wannan ba baƙon karatu ba ne ga almajirin da ya san cewa malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, da za a ce kowane mai waya, ko wane addini yake bi, zai tambayi kansa daga wa labari ya fito kafin ya danna tura, da an rage zubar da jini a ƙasar nan.

Mu koma ga saurayin nan mai ƙarfe mai ƙafa uku. Idan aka yi addu'ar rufewa, zai kashe wayarsa, ya naɗe igiyoyinsa, ya duba ya ga mutum nawa suka kalla, ya gaya wa fasto cewa yau har daga Kanada an rubuto amin. A daidai wannan lokaci, a ƙofar majami'a, wasu mata huɗu ko biyar na Zumuntar Mata, sanye da zanensu iri ɗaya, za su tsaya suna haɗa kuɗin keke, ɗaya riƙe da kular kunu, ɗaya da sabulu a leda, za su je duba wata tsohuwa da ta yi mako uku ba a gan ta a sujada ba. A zauren WhatsApp suka ji labarin ciwon nata, tun ranar Laraba kowa ya rubuta mata Allah ya sawwaƙe, amma ba wadda ta ɗauka cewa da wannan an sauke nauyi, domin tun kafin a ƙago waya Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa zumunta a ƙafa take.